Samaru ta Zariya: Karatu, Shaƙatawa da Zaman Yau da Kullum

Samaru gari ne da ke arewa maso yammacin birnin Zariya, a ƙaramar hukumar Sabon Gari ta jihar Kaduna, a bakin babban titin da ya nufi Funtuwa da Gusau har Sakkwato. Wannan titi shi ya tsaga wurin gida biyu. Wanda ya taso daga Kwangila, ya wuce Hanwa da Palladan da Zango, zai tarar da katangar Jami'ar Ahmadu Bello a hagunsa, dogayen itatuwa sun leƙo ta samanta. A damansa kuwa garin Samaru ne da kansa: kasuwa, tasha, shaguna a jere, lunguna da gidajen haya. Kullum safiya dubban mutane ke tsallaka titin nan su shiga makaranta, da yamma su sake tsallakowa, kuma kusan duk abin da ya shafi zaman Samaru yana rataye da wannan kai-kawo.

Noma ya riga boko zuwa wurin. Tun a 1922 Turawan mulkin mallaka suka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda daga baya ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar. A shekarun 1950 aka buɗe reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya a nan, kuma a kan harsashinta aka ɗora jami'ar, wadda ta fara aiki ranar 4 ga Oktoba, 1962. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, shi ne uban jami'ar na farko. Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan, shi ya fara shugabantarta, sannan a 1966 Dakta Ishaya Audu ya karɓa, ya riƙe har 1975. Sunan garin ma ya bi irin shuka ya shiga gonakin Arewa. Manomin da ya sayi irin masara na SAMMAZ, ko na dawa SAMSORG, ko na wake SAMPEA, ko na gyaɗa SAMNUT, haruffa ukun farko da ke jikin buhun nan sunan Samaru ne aka gutsuro.

Wannan tarihi shi ya sa jami'ar ta mallaki fili mai faɗin gaske, shi kuma filin ya zama wurin shan iskar gari baki ɗaya. Abin lura a nan shi ne, kusan babu ɗaya daga cikin wuraren da mutanen Samaru ke zuwa shaƙatawa da aka gina shi don shaƙatawar. Madatsar ruwa an yi ta ne don sha, gonaki don gwajin iri, lambun tsirrai don koyar da ɗalibai, dutsen Kufena kuwa mafaka ce ta mutanen da. Aro ake yi, kuma kamar kowane kayan aro, mai shi yana iya cewa a dawo masa da abinsa a kowane lokaci.

Yanayi shi ke tsara yadda ake aron. Damina a Samaru takan kankama daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara yana kai wajen milimita 1000. A wannan lokaci harabar jami'ar takan yi shar, ciyawa ta rufe filaye, maɗaci da darbejiya da mangwaro su yi duhuwa a kan hanyoyi. Daga Disamba zuwa Janairu hunturu ke sauka da hazo da ƙura, sanyin asuba ya hana mai ƙaramin bargo barci. Ɗalibin da ya zo daga Fatakwal ko Kalaba a shekararsa ta farko yakan sha mamaki ganin leɓensa ya tsage, ya koyi sayen man kaɗanya ba wanda ya sa shi. Maris da Afrilu na zafi ne da mangwaro. A watannin nan inuwar kowace bishiya ajin karatu ce, kuma ba a rasa yaran gari da dogayen sanduna suna zagaya gidajen malamai, ido a sama.

Da asuba, bayan an sallame salla, titunan cikin jami'a na masu motsa jiki ne. Akwai masu sassarfa, akwai dattawan malamai da likita ya ce su rage gishiri su ƙara tafiya, akwai 'yan ƙungiyoyin ɗalibai masu kaki da ke gudu a jere suna waƙa. Dalilin da ya sa mutanen gari ke tsallakowa don wannan a bayyane yake: a cikin makaranta ne ake samun kwalta mai inuwa wadda babbar mota ba ta bi. Da la'asar kuma filayen wasa ke cika. Ƙwallon ƙafa ita ce kan gaba kamar ko'ina, tsakanin sashe da sashe ko tsakanin ɗakunan kwana, amma wasan da Samaru ta yi suna da shi a wajen Nijeriya shi ne ƙwallon kwando. Wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, ya shafe shekaru da dama yana horar da yara da matasa a filin jami'ar. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya kuma zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019. Filin siminti ne a sarari, rana na dukan sa, kuma yawancin yaran da ke tsalle a kansa ba ɗaliban jami'a ba ne, 'ya'yan ma'aikata ne da na unguwa.

A kudancin harabar akwai madatsar ruwan Kubanni, wadda aka datse a shekarun 1970 don jami'ar ta samu ruwan famfo. Kogin Kubanni ƙarami ne. Yana ratsa Zariya ya faɗa cikin Galma. Amma a wurin da aka tare shi ya yi faɗi, ya zama tafki, kuma duk wanda ya yi karatu a Samaru ya san hanyar dam. Da yamma ana ganin masunci a ƙaramin kwalekwale yana jefa birgi, balbelu sun yi fari fat a kan wata bishiya, zalɓe na tsaye a bakin ruwa kamar an dasa shi. A gefe guda masu lambu na jan ruwa zuwa kwamin latas da albasa da tumatir, makiyayi ya gangaro da shanu, ga kuma ɗalibai uku ko huɗu a kan tabarma da littafi a buɗe, wanda ba lallai ne ana duba shi ba. Masu nazarin ƙasa da na ruwa sun mai da wurin ɗakin gwaji, shekara da shekaru suna auna laka da yashin da ke cike cikinsa, domin noma da gine-ginen da ake yi a saman kogin suna turo ƙasa duk damina. Wanka a ciki haɗari ne, hukumar makaranta kuma ba ta wasa da gargaɗi a kansa. Zuwa dam na kallo ne da hira da ɗaukar hoto.

Mai son hawa sai ya nufi Kufena. Dutse ne babba da ya yi tsaye shi kaɗai a yammacin birnin Zariya, kusa da Wusasa, ana hango shi daga nesa. Masana tarihi sun nuna cewa mutane sun zauna a gindinsa tun kafin birnin Zariya na yanzu ya kafu, kuma sunansa na tafiya tare da na Turunku a labarin asalin sarautar Zazzau da na Sarauniya Amina. Ƙungiyoyin ɗalibai kan yi hayar mota ranar Asabar su tafi. Hawan ba ya buƙatar igiya, amma yana buƙatar numfashi da takalmi mai kama dutse, kuma wanda ya san wurin da sassafe yake farawa, domin da rana ta take, dutsen kan yi zafin da ba a iya dafa shi da hannu. Daga sama ana ganin birni da Tudun Wada da Sabon Gari a shimfiɗe, da gonakin dawa iya ganin ido. Masu saukowa kan biya ta Wusasa su ga cocin Saint Bartholomew, wanda aka gina da ƙasa a 1929 bisa tsarin ginin Hausa, bayan mishan ɗin da Dakta Walter Miller ya kafa ya tashi daga cikin birni ya koma can. A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa. A shekarun baya-bayan nan matsalar tsaro ta rage irin wannan fita. Ana tafiya a ƙungiya, ana kuma dawowa tun rana na sama.

Ta fuskar al'adu, sashen zane da sassaƙa shi ya fara fito da sunan wurin. A 1958, tun ana kwaleji, wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ƙorafinsu shi ne ana koya musu zane kamar a Landan suke zaune, alhali kowannensu ya baro gida mai nasa salon ado da zane. Suka ce za su ɗauki dabarar Turawa su haɗa da gadon gida. Daga baya aka riƙa kiran su 'yan tawayen Zariya, kuma kusan dukkansu sun zama manyan masu fasahar Nijeriya. Gadon nan yana nan a lambun sassaƙe-sassaƙe na sashen, inda ayyukan ɗalibai na siminti da ƙarfe ke tsaye a ƙarƙashin itatuwa shekara da shekaru, wasu gansakuka ta hau su, wasu hannu ya karye. Wuri ne da ake zuwa ɗaukar hoto da cin gyaɗa, kuma da yawa daga masu zama a gindin mutum-mutumin ba su taɓa tambayar wanda ya sassaƙa shi ba.

Gidan wasan kwaikwayo na jami'ar, wanda ake kira ƙauyen dirama, ya cancanci a tsaya a kansa. A tsakiyar shekarun 1970 wani mai zanen gine-gine Ba'amurke, Steven Ehrlich, wanda ke koyarwa a jami'ar, ya tsara shi, magina na gargajiya kuma suka ɗora shi da jar ƙasa. Ɗakuna ne masu da'ira da rufin ciyawa, an haɗa su da katanga mai zanen Hausa, an bar tsakar gida a buɗe, sama ce rufinta. Wanda ya shiga zai ɗauka gidan wani mai unguwa ne. Hikimar ita ce a yi wasa yadda ake yin sa a dandali, 'yan kallo sun kewaye 'yan wasa, babu labule, babu wani dakali mai tsawo da zai raba su. Daga wannan gida, a zamanin Michael Etherton da abokan aikinsa, aka fara fita da wasan kwaikwayo zuwa ƙauyuka. Ɗalibai su je su zauna da mutane, su ji abin da ke damun su, taki ne ko ruwan sha ko rikicin gona, su shirya wasa da Hausa a kan abin, a yi shi a ƙofar gidan dagaci, a ƙare da muhawara. Haka aka yi Wasan Manoma da Wasan Maska da Wasan Bomo. Wannan salo ya bazu zuwa wasu jami'o'in Afirka, kuma yana cikin 'yan lokutan da jami'ar ta tsallaka titi da ƙafarta ta je wurin maƙwabtanta, maimakon su zo mata.

Ta kuma taɓa buɗe ƙofa ga fasahar gida ta wata hanyar. A 1988 ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta, mawaƙin da bai yi boko ba ya sa rigar malamai. Zariya dama gari ne na rubutu: a nan aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta, a nan kuma Aliyu Namangi mai Imfiraji ya rayu. Muhawara ma al'ada ce a Samaru. A shekarun 1970 da 1980, zamanin su Dakta Yusufu Bala Usman, lacca a kan tarihi ko siyasa kan cika zaure har tagogi, a fito a ci gaba da musu a teburin mai shayi. Zafin ya ragu, amma teburin bai tashi ba.

Jami'ar ta tara kowace ƙabila ta Nijeriya, da ɗalibai daga Nijar da Kamaru da wasu ƙasashe. A aji Turanci ake yi, a ɗakin kwana a gauraya da buroka, a kasuwa kuwa dole Hausa. Ɗalibin da ya zo bai iya ko sannu ba, kafin ya gama aji biyu ya iya cewa "nawa ne" da "rage mini", har da "Allah ya ba da kasuwa". Ƙungiyoyin jiha-jiha da na ƙabilu kan ware ranar al'ada, a ga Tibi da baƙi da farin saƙinsu, Nufawa da Barebari da Yarabawa kowa da kiɗansa da tukunyarsa. Ranar Juma'a babban masallacin jami'a kan cika har waje. Ranar Lahadi da safe waƙoƙin coci ke tashi. Da azumi harabar masallaci kan zama wurin buɗa-baki na gayya, yaran Samaru kuma su fito tashe bayan goma ga wata.

Lokacin Salla kallo kan koma birni. Sarkin Zazzau, wanda tun 2020 shi ne Malam Ahmed Nuhu Bamalli bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris, yakan yi Hawan Salla da Hawan Bariki da Hawan Daushe, hakimai da 'yan lifida da 'yan bindiga na biye. Ɗaliban da nisan gida ya hana su tafiya hutu kan cika motoci zuwa ƙofar fada, kuma ga da yawansu wannan ne karo na farko, wani lokaci na ƙarshe, da za su shiga cikin ganuwa. Tsakanin Samaru da birni tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce, amma akwai wanda zai yi shekara huɗu bai san Ƙofar Doka ba. Masu sha'awar doki kuma suna da filin folo na Zariya, inda ake gasar ƙwallon dawaki.

Zaman yau da kullum ya fi wannan duka sauƙin bayani, domin ciki da makwanci ne ke tafiyar da shi. Ɗakunan kwanan jami'a, irin su Amina da Ribadu da Suleiman da Akenzua da Ɗanfodiyo, sun daɗe da yi wa ɗalibai kaɗan. Mai gado ɗaya kan raɓa abokinsa, wanda bai samu ba ya tsallaka ya kama haya a Samaru ko Hayin Dogo ko Zango ko Palladan. Wannan ya sa magidanta da dama suka yanka gidajensu, zaure ya zama shago, turaka ta zama ɗakin haya. Ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa masu tura kura, wuta kuwa in ta zo a yi murna. Sana'o'in bakin ƙofa duk na ɗalibi ne: masu hoton takardu da buga kundin kammala karatu, masu cajin waya, masu POS, masu wanki da guga, teloli, masu aski, 'yan acaɓa da masu Keke, da motocin da ke jigila tsakanin Samaru da harabar Kongo, inda ake karatun shari'a da na mulki.

Teburin mai shayi shi ne majalisar dare. Mai shayi na tsaye tsakanin tulin burodi da kiret ɗin ƙwai, risho biyu na ci, yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, hannu a sama, ba ya zubar da ko ɗigo. Ya san wanda ke cin indomi biyu da ƙwai ɗaya, ya san wanda kuɗinsa kan ƙare ranar ashirin ga wata, yana kuma da littafin bashi da ya fi rajistar wani malamin cika. Kusa da shi mai tsire ne da mai balangu, can gaba mai ƙosai da mai awara. Da rana akwai masa da fura da nono, da rake daga yankin Maƙarfi, da kayan miya da ƙauyukan kewaye irin su Bomo da Shika ke kawowa kasuwa. Daren da manyan ƙungiyoyin Ingila ko Sifaniya ke wasa, gidajen kallon ƙwallo kan cika, janareto na ruri, ihu ɗaya ya tashi daga lungu uku lokaci guda. Da jarrabawa ta matso sai lissafi ya juya: azuzuwa da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim su cika, ana kwana a kan benci, cinikin mai shayi ya kai asuba. A sama kuma, da rana, ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964 na ta shawagi; baƙo ne kawai ke ɗaga kai.

Rabon wannan walwala bai zo daidai ba. A cikin makaranta ɗaliba na iya gudun safe, ta buga ƙwallon raga, ta zauna a lambu har magariba. Matar aure ko budurwar da ke tsallaken titi ba ta da irin wannan fili. Nata nishaɗin biki ne da suna da Islamiyya da ziyara. Yaran gari ma shigarsu na hannun masu gadin ƙofa, kuma duk lokacin da tsaro ya taɓarɓare akan ƙara matse shiga. Garin Samaru kansa ya cika ya batse ba tare da an bar wa yara filin wasa na kirki ba, sai harabar firamare da duk wani kangon da mai shi bai tashi gini ba tukuna.

Dogaron garin a kan jami'a ya fi fitowa fili idan aka rufe ta. A 2020 annobar korona da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, suka haɗu suka cinye kusan shekarar. A 2022 aka sake tafiya wani yajin daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. A irin wannan lokaci ciyawa kan rufe hanyoyin ƙafa na cikin makaranta, masu hoton takardu su ja ƙofa, mai shayin da ke karya kiret biyar na ƙwai a dare ya koma ɗaya. Masu gidajen haya su rasa yadda za su yi da ɗakin da kayan ɗalibi ke ciki a kulle, kuɗin shekara ya ƙare, mai kayan yana Legas ko Yola. 'Yan acaɓa da yawa kan koma gona, tun da yajin na 2022 ya haɗa da damina gaba ɗayanta. Filayen wasa kaɗai ba sa mutuwa, domin yaran unguwa kan samu sarari su buga ƙwallonsu babu mai korar su. Da aka janye yajin a tsakiyar Oktoba, ɗalibai sun dawo ne daidai lokacin da ake yankan masara, aka shiga gyaran ɗakuna da sassabe harabar makaranta, shekarar karatu kuma ta ci gaba daga inda ta tsaya a watan Fabrairu.